Zafin salansa ba shi ke cinye inji ba

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kowa a fadamar nan tamu ta gefen Hadejia ya koma bakanike. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma har ta haura dubu, toh mai injin ban ruwa da zai wuni ya kwana yana ba shinkafa ruwa ya kake so ya yi? Wasu sun koma gas, masu hali sun sa sola, sauran kuma suka ɗauki sukundireba suka far wa kafireto. Wani ya murɗe sukurun sulo, wani ya zare silin waya guda ya cusa a jet wai don mai ya riƙa wucewa kaɗan-kaɗan. Kuma da yake mutanen garin nan sun san a jikin ƙananan jirage na ci abincina kafin na dawo gida noma, kusan kullum a majalisa bayan la'asar sai an samu mai jefo min tambayar nan, wai da gaske ne direban jirgi yana rage wa injinsa mai yana tsakiyar tafiya a sama, kuma injin bai ƙone ba?

Da gaske ne, kuma ba wayo ba ne, dole ce. Ina maganar ƙananan jirage masu fistin da farfela ɗaya a hanci, irin Cessna 172 ko Tampico TB-9 ɗin nan da ɗaliban makarantar jiragen sama ta Zariya suka daɗe suna koyon tuƙi da ita. Injin Tampico O-320 ne na kamfanin Lycoming, silinda huɗu, ƙarfin doki 160, iska ke sanyaya shi kamar na babur, ba lagireto ba ruwa, kuma kafireto ɗaya ne a ƙarƙashinsa yake ciyar da dukkan huɗun. A gaban direba akwai hannaye guda biyu da ke zuwa ga kafireton nan, baƙi shi ne totur, ja kuma na mai ne. Ka tura jan nan ciki gaba ɗaya mai ya sake, ka jawo shi baya mai ya ragu, ka jawo shi har ƙarshe mai ya yanke inji ya mutu. Da shi ma ake kashe jirgi, ba da makulli ba, don kar a bar ɗigon mai a silinda, saboda wutar filogi daga maganeto take zuwa, wani ɗan janareto da injin ke juyawa, ba daga batir ba, idan wayar da ke kashe maganeton ta tsinke ba wanda ya sani, yaro ya zo ya juya farfela da hannu sai injin ya tashi da shi.

Dalilin jan hannun nan shi ne iska. Fetur yana ƙonewa tas ne idan nauyin iska ya ninka nasa sau 15 ko kusa da haka, 14.7 ake rubutawa a littafi. Inji kuma ya fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen 12 da rabi. Matsalar ita ce kafireto ba ya auna nauyin iska, abin da ya ratsa maƙogwaronsa kawai yake ji, ita kuwa iska kana hawa tana yin sirara, a ƙafa 10,000 kusan kwata ɗinta ya tafi. Man da ya yi daidai a Legas ya yi yawa a can sama, inji ya dinga gurnani, filogi ya yi baƙi, tanki ya ƙare da wuri. Ba ma sai ka hau ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudun ƙafa 1,500 da ɗoriya ne kawai, amma a watan Afrilu da rana ta kai digiri 40 iskar ta buɗe, injin ji yake kamar yana wajen ƙafa 5,000 alhali tayarsa tana ƙasa. Na Jos kuwa da ma ya haura ƙafa 4,000 tun kafin a sa lissafin zafi. Shi ya sa direban da ya san aikinsa, ranar zafi irin wannan, zai taka birki ya ba da totur duka ya ɗan jawo jan hannun har farfela ta kai iyakar juyinta sannan ya saki, in ba haka ba jirgin zai cinye titi yana jan jiki kafin ya ɗaga.

Toh a nan mitar zafin hayaƙi ke shigowa, wadda ake rubuta EGT a fuskarta. Wani ɗan tsinken ƙarfe ne ake huda bututun salansa a soka shi, inci biyu zuwa huɗu daga bakin silinda, yana jin zafin hayaƙin da ke fita. Kuma wallahi ba mitar da aka fi yi wa mummunar fahimta a jirgi kamarta. Mutum ya ga allura tana nuna 1,400 ko 1,500 a ma'aunin Farenhait, kusan 800 kenan a namu ma'aunin, sai gabansa ya faɗi ya ce inji zai narke, ya tura mai. Alhali lambar ita kaɗai ba ta gaya maka komai.

Ga yadda abin yake. Kana tafiya a miƙe, mai a sake, ka fara jawo jan hannun a hankali. Allura za ta fara hawa, saboda rarar man nan da ba ya samun iskar ƙonewa shi ke danne zafin, kana rage shi wuta tana ƙara kyau. Za ta yi ta hawa har ta kai wani waje ta tsaya, wannan shi ne ƙololuwa, wajen da mai da iska suka yi kunnen doki. Ka ci gaba da ja, sai ka ga ta fara SAUKA. Eh, sauka. Yanzu iska ce ta yi rara, man da ke ƙonewa ya ragu, wuta ta ragu, komai ya fara hucewa, har inji ya fara tari, in ka matsa ya mutu. Kenan maganar da ake yi a kowane gareji cewa kana rage mai inji yana ƙara zafi, rabin hanya kawai take gaskiya. Zafi yana da tudu, ka hau ta gefe ɗaya ka gangara ta ɗayan. Aikin mitar shi ne ta nuna maka ina ƙololuwar take yau, a wannan tsayin, a wannan iskar, sannan ka ƙirga taku nawa kake daga gare ta, ta ɓangaren mai ko ta ɓangaren iska. Shi ya sa tsofaffin mitocin ma ba lamba a jikinsu sam, zane-zane ne kawai, kowane zane digiri 25 na Farenhait, da wata allura ta biyu da kake murɗawa da hannu ka ajiye ta a kan ƙololuwa don ka tuna. Ni a ganina waɗanda suka ƙera su haka sun fi mu hankali, da aka kawo na zamani masu lamba sai mutane suka fara bautar lamba.

Mitar da ya kamata gabanka ya faɗi a kanta ita ce ta kan silinda, CHT. Tof silinda alminiyo ne, shi ke riƙe da bawul da filogi, kuma alminiyo yana laushi da zafi tun kafin ya yi kusa da narkewa. Lycoming sun sa jan layi a 500 na Farenhait, 260 kenan a namu ma'aunin, kamfanin Continental kuma 460 na Farenhait, amma jan layi ba wajen zama ba ne, su kansu Lycoming sun ce in kana son inji ya yi tsawon rai ka riƙe shi a 400 ko ƙasa a doguwar tafiya. Abin da zai ba ka mamaki, zafin kan silinda ba a ƙololuwar hayaƙi yake kai iyakarsa ba, yana kaiwa ne kafin nan, wajen digiri 40 zuwa 50 na Farenhait ta ɓangaren mai. A nan wutar ke ci da sauri, matsin cikin silinda ya fi ko'ina yawa, fistin da bawul suka fi shan wuya. Ƙarfi mafi yawa kuma yana ɗan baya kaɗan, wajen digiri 100 ta ɓangaren man dai.

Kuma abin dariya, littafin Cessna da yawa cewa ya yi ka nemo ƙololuwa sannan ka ƙara mai digiri 50, wato daidai wajen da ya fi zafin. An yi shekaru ana cacar baki kan wannan a Amurka, har yau ba a gama ba. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, ba su yi ƙarya ba amma sharaɗin da ke gaban maganar shi mutane ke tsallakewa, wato ƙarfin da injin ke bayarwa lokacin. Lycoming sun ce kar ka fara wannan wasan sai ƙarfi ya sauka zuwa kashi 75 ko ƙasa. A ƙasa da 65 kuwa da wuya ka yi wa inji illa da jan hannun nan duk inda ka ajiye shi, wutar ba ta da ƙarfin da za ta yi ɓarna. Jirgin da injinsa ba shi da tabo (turbo), na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, da ya kai ƙafa 8,000 ko ka danna totur har ƙarshe ba zai wuce kashi 75 ɗin ba, iskar ba ta isa. Amma a ƙasa, lokacin tashi, totur a buɗe, inji yana ba da duk abin da yake da shi, ka kuskura ka kai shi wajen nan na digiri 50, toh nan ake samun nokin, man ya daina ci a hankali ya koma fashewa. A mota kana jin ƙal-ƙal ɗin nan in ka hau tudu da babbar giya, a jirgi ƙarar farfela ba za ta bari ka ji ba, sai dai ka ga zafin kan silinda yana gudu sama. Hayaƙi kuma a lokacin ba ya hawa, ƙila ma ya ɗan sauka, don zafin ya tsaya a ciki yana cin fistin maimakon ya fita. Kaga wanda ya kafa wa EGT ido kawai zai ce lafiya lau, inji kuwa yana dahuwa.

Shi ya sa ake zuba wa inji rarar mai da gangan lokacin tashi, hayaƙin yakan zauna digiri 200 ko fiye ƙasa da ƙololuwa. Wasu kafiretocin ma, irin Marvel-Schebler MA-4-5 da ke kan injin O-360, suna da wata dabara da ke ƙara mai idan totur ya buɗe gaba ɗaya. Sai ka ga direba mai tausayi, da ya ɗaga sai ya ɗan ja totur baya wai yana lallaɓa inji, bai san ya rufe ƙarin man nan ba ne, ya bar injin da kusan duk ƙarfinsa ba abin sanyaya shi. Tausayin da ya fi shi ne ka sauke hanci kaɗan jirgi ya ƙara gudu iska ta ratsa silinda.

Akwai wata rana da wani direba, babba ne ya girme ni a aiki, ya sauko yana faɗa tun daga bakin hanga, rumfar da ake gyaran jirage, silinda ta uku hayaƙinta ya fi na sauran da kusan digiri ɗari, a kwance kafireto yanzu a ƙara mai. Na ce ranka ya daɗe kafireto ɗaya ne fa yake ba su su huɗu, in shi ne mai laifi me ya sa ɗaya kaɗai ta yi ƙorafi? Ya ce kai dai yi abin da na ce. Na ce yallaɓai a yi haƙuri a ba ni minti goma, mu tayar mu gwada maganeto tukun. Kowace silinda filogi biyu gare ta, kowanne da maganetonsa, ana kai inji juyi 1,700 ko 1,800 a kashe ɗaya a ga yadda zai yi da ɗayan. Muka koma na hagu, sumul, juyi ya ɗan sauka kamar yadda ya kamata. Muka koma na dama sai injin ya hau rawa, hayaƙin ta ukun ya faɗi warwas. Filogin ƙasa ne ya cika da dalma ya daina wuta. Filogi ɗaya in shi kaɗai ke kunna silinda, wutar tana ci a hankali, ba ta gama ci ba bawul ya buɗe ta biyo salansa, shi ya sa hayaƙi ya yi zafi, kan silindar kuwa sanyi ma ya ƙara. Aka wanke filogi aka mayar, ba wanda ya taɓa kafireto. Bai ce komai ba, amma washegari ya aiko min da goro.

Irin waɗannan suna da yawa. Taimin in ya yi baya, hayaƙi ya yi zafi kai ya yi sanyi, in ya yi gaba hayaƙi ya yi sanyi kai ya yi zafi, kuma na biyun nan shi ne mai haɗari duk da allurar hayaƙi tana nuna maka abin da ranka ke so. O-320 digiri 25 kafin fistin ya kai sama ake ɗaure shi, yana rubuce a farantin da ke jikin injin. Injin da matsinsa ke ƙasa, kamar O-320 mai doki 150, hayaƙinsa ya fi na mai doki 160 zafi ba tare da wani ciwo ba. Tsinken ma in wanda ya huda ya matsar da na wata silinda rabin inci, lambarta ta bambanta har abada. Robar bututun shan iska in ta tsage, silindar na shan iskar sata, za ka gane ta ne a sulo lokacin da zuƙar ta fi ƙarfi, in aka buɗe totur sai bambancin ya ɓace. Firaima, ɗan famfon da ake tsarta mai da shi kafin a tayar, in ba a kulle shi ba mai zai dinga zurara. Fulot in ya sha mai ya nutse, kafireto ya yi ambaliya. Bawul ɗin hayaƙi in ya fara ƙonewa sai ka ga lambar tana lilo sama da ƙasa a hankali. In kuma kan silinda ne ya yi zafi hayaƙi bai motsa ba, je ka duba faifan alminiyon da robobin da ke tilasta wa iska bi ta jikin silinda, sau da yawa roba ce ta lanƙwashe, ko tsuntsu ya yi sheƙa, mu nan da jirgi zai kwana a fili ba abin mamaki ba ne.

Wani abu kuma da mai kafireto ya kamata ya haƙura da shi, silindoji huɗun nan ba za su taɓa samun mai daidai wa daida ba. Man yana fita ne feshi-feshi, ya bi bututu huɗu masu lanƙwasa daban-daban, wata ta samu da yawa wata kaɗan. In kana ja, wadda ta fi yunwa ita za ta fara kai ƙololuwa, da ita ake lissafi. Masu injin da ke da nozul a kowace silinda suna iya tsallake tudun su zauna ta ɓangaren iska, inji a sanyi mai kaɗan, mai kafireto kuwa yawanci kafin ta ƙarshe ta tsallaka ta farko ta fara tari. Wasu suna samun sa'a in suka ɗan rage totur daga ƙarshe ko suka ɗan saka iska mai ɗumi, man ya fi gauraya. In bai yi ba kar ka tilasta. Tsohuwar hanya tana nan kuma tana aiki ko ba mita ko ɗaya, ka ja har inji ya fara gargada, ka mayar a hankali har ya yi sumul. O-320 a haka lita 30 zuwa 35 yake sha a awa, wanda ya bar jan hannun a ciki yana zubar da lita da yawa a banza kuma lissafin nisan da ke littafi ba zai cika masa ba, an sha samun waɗanda mai ya ƙare musu kusa da gida saboda wannan. A 1944 Charles Lindbergh, mutumin da ya fara tsallaka tekun Atalantika shi kaɗai ba tsayawa, ya je wajen sojojin saman Amurka a Niyu Gini ya nuna wa direbobin jirgin yaƙi P-38 su rage juyi su rage mai, suna tsoron inji zai lalace, bai lalace ba, nisan da suke kaiwa ya ƙaru sosai. Sai dai in za ka sauko ka tuna ka dinga mayar da man kaɗan-kaɗan, iska tana ƙara kauri, in ka manta kuma ka buƙaci totur farat ɗaya kusa da ƙasa injin zai yi maka tari a inda ba ka so.

Mu makanikai abin da muke taɓawa da sukundireba a ƙasa guda biyu ne kacal, sukurun juyin sulo da sukurun man sulo. Sai inji ya yi ɗumi sosai, maganeto lafiya, sannan a sa sulo wajen juyi 600 zuwa 700 gwargwadon littafin jirgin. Sai ka jawo jan hannun a hankali kamar za ka kashe, idonka a kan mitar juyi. In ya ɗan ɗaga kaɗan sannan ya faɗi, ya yi. In ɗagawar ta wuce 50 mai ya yi yawa, in kuwa bai ɗaga ba ko kaɗan ya faɗi kai tsaye, mai ya yi kaɗan. A Marvel-Schebler ka ɗaura sukurun ciki mai ya ragu, ka sassauta ya ƙaru, kaɗan-kaɗan ake yi, kuma bayan kowace murɗa sai ka kai inji juyi 2,000 ya share maƙogwaro sannan ka sake gwadawa. Wanda aka saita da sanyin safiyar hunturu zai nuna rara a bazara, wanda aka saita a Kano zai nuna rara a Jos, wannan ba ciwo ba ne. Sukurun nan kuma ba ruwansa da abin da ke faruwa a totur buɗe, can babban jet ne ke mulki, shi kuwa a jirgi mai rajista ba a huda shi ba a cusa masa komai, kowane inji da lambar kafireton da aka yarda a ɗaura masa, kuma duk abin da aka taɓa sai injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ya sa hannu a littafi.

Wannan ne ya sa nake hana ƙannena da 'ya'yan 'yan'uwa cusa waya a jet ɗin injin ban ruwa. Wani ɗan yayata ya ce min Kawu ai kai ka ce ana ragewa a jirgi. Na ce ɗan nan, a jirgi ana ragewa ne bayan an sauke wa inji kaya, da mita a gabanka, da hannun da za ka mayar cikin daƙiƙa ɗaya, naka kuwa yana jan ruwa da duk ƙarfinsa tun safe, a rana, iska ba ta ko motsi, kuma ka ɗaure shi a waje ɗaya ka tafi cin abinci. Rarar da kamfani ya bar masa ita ke riƙe da shi. Sukurun sulo da suke murɗewa kuma ba abin da yake rage musu a aiki sai wahalar tayarwa. In kana son ka rage shan mai wanke iyakilina, wanda ya toshe da ƙura shi ke sa baƙin hayaƙi, ka rage totur kaɗan, ka duba tiyo ko yana shan iska. Zare filogi ka duba bakinsa, ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai gawayi mai ya yi yawa, fari fat kuwa ka cire wayar nan yau. Masu babur ku ma ku lura, ba kowane sukuru ke aiki iri ɗaya ba, wanda ke ɓangaren iyakilina iska yake saitawa, ka ɗaure shi mai ne zai ƙaru.

Abin da ba wanda ke yarda da ni a majalisa shi ne ƙanƙara. Kafireto yana yin ƙanƙara a Jigawa. Iska in ta matse ta maƙogwaro tana sanyi, fetur in yana zama tururi yana ƙara tsotse zafi, su biyun za su iya sauke zafin wajen da digiri 20 ko fiye a namu ma'aunin, in akwai laima a iska sai ta daskare a jikin faifan totur. Da hunturu duk sanyin nan iskar a bushe take, haɗarin kaɗan ne, safiyar damina bayan an kwana ana ruwa ita ce abar tsoro, musamman in an rage totur za a sauka. Alamarta juyi ya dinga raguwa a hankali ba ka taɓa komai ba. Maganin wani hannu ne da ke juyo iskar da ta bi ta jikin salansa ta yi zafi, ka jawo shi duka, injin zai ƙara gargada don yana haɗiyar ruwan da ya narke, sabon direba sai ya tsorata ya mayar, a'a bar shi har ya washe. Iskar mai zafi sirara ce, tana sa mai ya yi rara, in za ka daɗe da ita sai ka sake saita jan hannun. Kuma ba ta bi ta matata, kai tsaye take shiga, don haka a filin ƙasa irin wanda masu feshin tsuntsayen jan-baki ke sauka, ko lokacin hazo da ƙura ta cika gari, ka gwada ta a gurguje ka rufe, in ba haka ba yashi kake ɗura wa ringi.

Dalmar da na ambata daga man take. Man ƙananan jirage, 100LL, shuɗi ne, kuma har yau akwai dalma a ciki, kusan rabin giram a lita, ita ke hana nokin. A sulo wutar ba ta da zafin da za ta kore ta sai ta taru a filogin ƙasa, shi ya sa da an tayar ake jawo jan hannun sosai yayin da ake gangarawa titi, sosai har in ka manta ka ba da totur injin ya ƙi, don rabi-rabi shi ne mai sa mutum ya tashi da ƙarancin mai bai sani ba. Man nan kuma wahalar samu gare shi a ƙasar nan, daga waje ake kawo shi a durom, ga tsada. Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka haɗa a Kaduna wa sojojin sama a shekarun 1990, guda 60 daga samfurin RV-6A, an shirya injinta yadda za ta sha man mota. Ƙananan jirage masu injin Rotax 912 na Ostiriya su ma man mota suke sha, kafireto biyu gare su ƙirar Bing masu daidaita kansu da iska, ba jan hannu sam, aikin bakanike a nan shi ne ya sa biyun su dinga buɗewa tare, in ɗaya ya riga ɗaya injin ya dinga karkarwa a sulo yana cin giyabos. Zariya kuma sun kawo Diamond DA40 da DA42, injinsu irin na dizal ne mai shan kananzir ɗin manyan jirage wanda ake samu a Kano da Abuja ba wahala, hannu ɗaya ne kawai a gaban direba, kwamfuta ke auna man.